Allurar jinya ko allurar maguɗi? Fashin baƙi kan dokar magunguna a tseren dawaki

Ta yaya doki zai zo na ɗaya a gaban mutum sama da dubu 50, a yi tafi, a miƙa wa mai shi kofi, sannan bayan kusan wata goma a ce ba shi ya ci ba? Abin da ya jawo hakan kuwa ba hodar iblis ba ce, ba wata ƙwayar ɓoye ba ce, magani ne da likitocin dabbobi ke rubutawa kullum a fili. Wannan tambayar kan dawo duk sa'ad da labari ya fito cewa an kama doki da ƙwaya a Amurka ko Ingila ko Dubai. Masu jin labarin kan rabu biyu nan take. Wasu su ce ai dama duk ɓarayi ne. Wasu su ce fitinar Turawa ce kawai, dabba ba ta da lafiya an ba ta magani, ina laifin? Dukkansu sun tsallake inda gizo ke saƙar.

Abin da ya faru da Medina Spirit

Ranar 1 ga Mayu, 2021, wani doki mai suna Medina Spirit ya lashe Kentucky Derby, sukuwar da ta fi kowace suna a Amurka. In ana maganar asali, ɗan talakawa ne. Dala 1,000 aka fara sayar da shi yana ɗan shekara guda, daga baya attajirin Saudiyya Amr Zedan ya saye shi dala 35,000, a kasuwar da ake zuba miliyoyi kan dukushin da ko sirdi ba a taɓa ɗaura masa ba. Ga mai horar da shi, Bob Baffert, wannan ce nasara ta bakwai a gasar, adadin da ba wanda ya taɓa kaiwa.

Bayan kwana takwas Baffert da kansa ya tara 'yan jarida ya ce an samu betametazon, wani maganin kumburi, a jinin dokin, fikogiram 21 a kowace mililita. Fikogiram guda shi ne a raba giram ɗaya gida tiriliyan a ɗauki kashi ɗaya. Da farko ya ce sam ba a taɓa ba dokin wannan magani ba. Kwana biyu bayan nan ya dawo ya ce an gano bakin zaren: wani man shafawa ne, Otomax, da ake shafa wa dokin a ɗuwawu saboda ƙuraje, kuma akwai betametazon a cikinsa. Lauyoyinsa suka kafa hujja da cewa dokar jihar Kentucky allurar gaɓa take nufi, ba man shafawa ba. Alƙalan tsere suka ce doka ba ta tambayi ta wace ƙofa maganin ya shiga ba, cewa ta yi kada a same shi a jikin doki ranar tsere.

Ranar 21 ga Fabrairu, 2022, aka ƙwace nasarar da kyautarta ta dala miliyan 1.86, aka ba Mandaloun da ya zo na biyu. Aka dakatar da Baffert kwana 90, aka ci shi tarar dala 7,500, kamfanin da ke da filin kuma ya hana shi shiga har zuwa 2024. Abin da ya ƙara ɓata masa rawa da tsalle shi ne wannan ne karo na biyar cikin kusan shekara guda da aka samu magani fiye da ƙa'ida a dawakinsa. Shi kuwa Medina Spirit bai ga ƙarshen shari'ar ba. Ya faɗi ya mutu ranar 6 ga Disamba, 2021, bayan atisaye a filin Santa Anita da ke Kalifoniya, binciken gawarsa kuma bai tsayar da dalili guda ba.

Kalma ɗaya, abubuwa daban-daban

Da Hausa duk "ƙwaya" muke cewa, kuma a nan ruɗanin ke farawa. A dokokin tsere magunguna gida biyu ne.

Gida na farko haramtattu ne a kowane lokaci, ko doki yana tsere ko yana hutu a turke. A nan ake samun sitiroyid masu gina tsoka irin su sitanozolol, da EPO mai ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini, da dafin maciji da ake amfani da shi a kashe jijiyar jin zafi, da damofin, wani sinadari da asalinsa daga fatar wani kwaɗon Kudancin Amurka yake, wanda ya ninka mofin ƙarfi sau da yawa kuma aka kama shi a dawaki da dama a Amurka a 2012. Waɗannan ba su da wata hujja ta jinya a jikin dokin tsere. Wanda aka kama da su maguɗi ya yi, ba wata kwana-kwana.

Gida na biyu magungunan asibiti ne na halal: fenilbutazon, wanda mutanen barga ke kira "bute", na zafi da kumburi, allurar gaɓa irin su betametazon, maganin tari da na kwantar da doki in za a yi masa aiki. An yarda a yi jinya da su, sharaɗin shi ne su fita daga jiki, ko su sauka ƙasa da wani adadi, kafin ranar tsere. Shi ya sa kowane magani ke da wa'adinsa. A dokar Amurka ta yanzu ba a ba doki irin su "bute" cikin awa 48 kafin tsere, wanda aka yi wa allurar gaɓa kuma sai ya yi aƙalla kwana 14 bai shiga tsere ba. Mafi yawan labaran da ake ji daga wannan gida na biyun suke, kamar na Medina Spirit.

Akwai kuma maguɗin da ake mantawa da shi, wato a ba doki abin da zai kashe masa jiki don ya faɗi tsere, saboda wani ya zuba kuɗin caca a kan abokin hamayyarsa. Matsalar ba sabuwa ba ce. Tun 1903 hukumar tsere ta Ingila ta haramta ba dawaki ƙwaya, bayan wani mai horarwa, George Lambton, ya ɗura wa wasu dawakinsa marasa kataɓus hodar iblis da sanin hukuma, don ta ga da idonta yadda suke tashi kamar iska.

Me ya sa maganin zafi ya fi tayar da hankali?

A ganina nan ne zuciyar maganar, kuma nan aka fi yi mata gurguwar fahimta. Mutum zai ce "bute" ai ba ya ƙara gudu. Gaskiya ne. Abin da yake yi shi ne ya rufe wa doki baki.

Dokin tsere na kai kilo 500, yana gudun kilomita 60 ko fiye a awa. In yana sukuwa, a kowane taku akwai ɗan lokacin da duk nauyin nan ke sauka a kan ƙafa ɗaya, a kan ƙashin ƙwaurin da mutum zai iya kewaye shi da tafin hannu biyu. Horo na yau da gobe kan jawo ƙananan tsaga a cikin ƙashin, waɗanda ido ba ya gani. In an ba doki hutu, jiki na ɗinke su har ƙashin ya fi da ƙarfi. In ba a ba shi ba, tsagar na ƙaruwa a hankali har ranar da ƙashin zai ce ya gaji. Jihar Kalifoniya ta daɗe tana binciken gawar duk dokin da ya mutu a filayenta, kuma abin da likitocin suka yi ta gani shi ne mafi yawan munanan karaya na faruwa ne daidai wurin da dama akwai tsohon lahani. Ruwa ba ya tsami banza.

To, doki ba ya magana. Ɗan ƙwallo zai iya ce wa likita gwiwata na yi min zogi, zai kuma iya zaɓar ya buga wasa da ciwon a kan sanin haɗarin. Doki ba shi da bakin faɗa sai ɗingishi, da zafin gaɓa in an taɓa, da ƙin taka ƙafa sosai. Da waɗannan alamu likitan hukuma ke aiki da safiyar ranar tsere, in ya zo barga ya shafa ƙafafu ya sa a ja dokin da sassarfa yana kallo. In an ba shi maganin zafi jiya da daddare, zai taka lafiya lau, likita ya sa hannu, a ɗora masa mahayi. Ciwon na nan, alamarsa kawai aka share.

Kuma karaya ga doki sau da yawa ajali ce. Ba ya iya kwanciya wata biyu kamar mutum, ba ya iya dogara da ƙafa uku, domin lafiyayyar ƙafar da ta ɗauki nauyin ita ma kofatonta kan kamu da ciwo mai tsanani. Barbaro, wanda ya ci Kentucky Derby a 2006, ya karye bayan mako biyu a tsere na gaba. An kashe kuɗi iya kuɗi, an yi masa aiki sau da dama, amma a Janairun 2007 dole aka yi masa allurar hutawa. A 2008 goɗiya Eight Belles ta zo ta biyu a wannan gasa, ta wuce layi kaɗan sai ƙafafunta na gaba biyu suka karye, aka ƙarasa ta a filin mutane na kallo. Ba a samu haramtaccen magani a jikinta ba, amma mutuwarta ta sa Amurkawa suka fara tambayar me ake ɗura wa dawakin nan, musamman da mai horar da Big Brown, dokin da ya ci tseren ranar, ya faɗa da bakinsa cewa yana yi wa dawakinsa allurar sitiroyid duk wata, kuma a lokacin doka ba ta hana ba a yawancin jihohi. Kada a manta kuma, in doki ya kife yana tsakiyar gudu, akwai ɗan Adam a bayansa, akwai wasu mahayan a biye.

Rikicin Lasix

Duk wanda ya yi jinyar mai ciwon zuciya ko kumburin ƙafa ya san Lasix, maganin nan mai sa fitsari. Shi ne maganin da ya raba Amurka da sauran duniyar tsere shekara da shekaru.

Dalilin ba doki shi ne wani abu mai kama da haɓo, amma daga huhu. In doki ya kai ƙarshen gudunsa zuciyarsa na bugawa sama da sau 200 a minti, matsin jini a huhu ya hau har ƙananan jijiyoyi su fashe. Kaɗan ne ake ganin jinin ya fito musu ta hanci, amma in aka zura na'urar leƙa maƙogwaro bayan tsere, za a ga alamarsa a mafi yawan dawaki. Lasix, in an yi allurarsa kamar awa huɗu kafin tsere, yana rage wannan matsin. Wani bincike da aka yi da dawakin Afirka ta Kudu aka buga a 2009 ya tabbatar da cewa yana rage zubar jinin da gaske. Masu goyon bayansa da wannan suke kafa hujja: ga ciwo, ga maganinsa mai araha, don me za a bar dabba ta sha wahala?

Masu adawa kuma suka ce a duba ɗaya gefen. Dokin da aka yi wa allurar kan zubar da ruwan da ya kai kilo 10 ko fiye ta fitsari kafin ya shiga fili, a wasan da ake rigima kan kilo guda na nauyin mahayi. Shi ya sa aka kai lokacin da sama da kashi 90 cikin 100 na dawakin Amurka ke tsere da shi, mai ciwon da marar ciwon, domin ba wanda zai yarda a bar shi a baya. A Ingila da Faransa da Japan da Hong Kong ba a yarda da shi ranar tsere ba, kuma tsere bai tsaya ba. Suka ƙara da cewa in doki ba ya iya gudu sai da allura, hutu yake buƙata ko ritaya, bai kamata ya ci gasa ya zama uban dubban 'ya'ya ba. Jihar New York ce ta ƙarshe da ta halatta shi, a 1995. Guguwar ta juya daga baya, har aka yi Kentucky Derby ta 2021 ba tare da shi ba. Dokar tarayya ta hana shi ga 'yan shekara biyu da manyan gasanni, ta bar ƙofa a buɗe ga sauran na tsawon shekara uku ana nazari.

Ni dai hujjar kowane ɓangare na da nauyi a nan fiye da yadda abokan gabarsa ke yarda. Amma maganin da ake ba kusan kowane doki, ko da ciwo ko babu, da wuya a ci gaba da kiransa jinya.

Yadda ake gwajin, da yadda marar laifi kan faɗa ciki

Da an gama tsere, jami'i kan bi wanda ya zo na ɗaya da wasu da aka zaɓa, ba a sakin su daga ido har rumfar gwaji. A wanke doki, a ba shi ruwa daga bokitin hukuma, a zagaya da shi ya huce, a shigar da shi ɗaki mai shimfiɗar ciyawa. Mai ɗaukar fitsari ya tsaya da kofi a bakin doguwar sanda yana fito a hankali, domin an saba wa dawakin da yin fitsari in sun ji fito. Wani lokaci a shafe awa guda ana jira. Likita ya ɗebi jini a wuya. A raba komai biyu, a liƙe, wakilin mai doki ya sa hannu. Kashi ɗaya ya tafi ɗakin gwaji da lamba ba suna, ɗayan a ajiye, in an samu wani abu mai doki na da haƙƙin a gwada na biyun a wani wuri dabam.

Na'urorin yau suna ganin abin da na shekara 30 baya ba sa gani, kuma wannan alheri ne mai ɗauke da tasa fitinar. A 2014 aka samu mofin a jikin Estimate, goɗiyar Sarauniyar Ingila Elizabeth, bayan ta zo ta biyu a gasar Gold Cup ta Ascot. Bincike ya nuna daga abinci ne, 'ya'yan furen da ake yin mofin da shi sun gauraya da abincin da aka sayo. An ƙwace matsayin, amma ba a hukunta mai horar da ita ba. A Oktoban 2020 mai horarwa Aidan O'Brien ya janye dawakinsa huɗu daga babbar gasar Faransa, Prix de l'Arc de Triomphe, ana gobe tsere, saboda an gano abincin wani kamfani ya gurɓata da zilfaterol, maganin ƙiba na shanu.

Wanda ke ganin irin wannan gurɓata tatsuniya ce, ga misali daga kusa da gida. A 2013 wasu masana suka ba da sanarwar sun samu tramol a saiwar tafashiya da aka haƙo a arewacin Kamaru, har aka fara murnar cewa itacen ne ke yin maganin da kansa. Shekara guda bayan haka wasu masanan daga Jamus suka nuna cewa manoman yankin na shan tramol suna kuma ba shanun huɗa don su jure aiki, fitsarin mutane da na dabbobi ya shiga ƙasa, saiwa ta tsotsa. In itace zai faɗi gwaji ta wannan hanya, ina ga dokin da ɗan barga ya sha maganinsa ya yi fitsari a lungun ɗaki, ko ya gutsira masa goro don so? Goro na ɗauke da sinadarin kafeyin, kuma kafeyin na cikin abubuwan da ba a yarda a samu a dokin tsere ba.

Duk da haka kusan ko'ina doka ɗaya ce: mai horarwa ne ke da alhakin duk abin da aka samu a jikin dokinsa, ko ya sani ko bai sani ba. Da jin ta ka ce zalunci ce. Amma a cire ta a gani, kowane mai laifi zai ce yaron barga ne, ko abinci ne, ko maƙiya ne suka shigo da dare. Abin da hukumomi masu hankali ke yi shi ne su raba abu biyu: sakamakon tsere a soke shi tunda maganin na jikin doki, hukuncin mutum kuma ya danganta da yadda aka yi abin ya shiga.

Manyan ɓarayin ba ɗakin gwaji ya kama su ba

A watan Maris na 2020 masu gabatar da ƙara na tarayya a New York suka gurfanar da mutum 27, masu horarwa da likitocin dabbobi da dillalan magani. Dawakinsu sun yi shekaru suna wuce gwaji lafiya. Abin da ya tona asirinsu shi ne sauraron wayoyinsu da hukumar FBI ta yi. Likita Seth Fishman, wanda sana'arsa ita ce haɗa magungunan da na'ura ba za ta gane ba, ya samu ɗaurin shekara 11. Mai horarwa Jorge Navarro ya samu biyar. Dokinsa X Y Jet ya ci babbar gasar gajeren zango a Dubai a 2019, ya mutu farat ɗaya a farkon 2020. Wani mai horarwar, Jason Servis, ya samu huɗu. Kwana tara kacal kafin a kama shi, dokinsa Maximum Security ya lashe Kofin Saudiyya na farko a Riyad, mai kyautar dala miliyan 10 ga na ɗaya. Saudiyya ta riƙe kuɗin, sai a 2024 ta soke nasarar ta ba goɗiya Midnight Bisou.

Dalilin gazawar gwajin ranar tsere a bayyane yake. Na'ura abin da aka koya mata take nema, kuma magani irin EPO ko sitiroyid kan fita daga jini tun da sauran makonni, amfaninsa kuwa ya zauna. Maganin wannan shi ne a dira barga ba sanarwa. Haka hukumar tsere ta Birtaniya ta yi a Afrilun 2013 a wata bargar Godolphin da ke Newmarket, mallakar Sarkin Dubai Sheikh Mohammed bin Rashid. An gwada dawaki 45, aka samu sitiroyid a 11, daga baya adadin ya kai 22. Mai horarwa Mahmood Al Zarooni ya sha dakatarwar shekara takwas. Ba girman mai barga da ya hana.

Dokar HISA da masu ja da ita

Kafin 2020, Amurka ba ta da doka guda. Hukumomin jihohi 38 ne, kowace da jerin magungunanta da ɗakin gwajinta da hukuncinta, wanda aka matsa wa a nan sai ya kwashi dawakinsa ya koma can. Mutuwar dawaki 30 a kaka ɗaya a Santa Anita, daga ƙarshen 2018 zuwa Yunin 2019, da kamen su Navarro, su suka tura majalisa ta yi dokar da ake kira HISA, aka sa mata hannu a Disamban 2020. Sashen tsaron filaye ya fara aiki a Yulin 2022, na magunguna kuma ranar 22 ga Mayu, 2023. Yanzu jerin magunguna ɗaya ne, ana gwajin ba-zata, kuma wanda aka kama da haramtaccen abu na iya shan dakatarwar shekara biyu.

Masu goyon baya, galibi manyan masu kiwo da manyan filaye, suna nuna alƙaluma. A 2009 doki biyu ke mutuwa cikin kowace fita tsere dubu a Amurka. A 2024, a filayen da ke ƙarƙashin HISA, adadin ya sauka zuwa 0.90. Sai dai adalci shi ne a ce saukar ta fara tun kafin dokar, kuma magani ba shi kaɗai ke kashe doki ba. A bazarar 2023 dawaki 12 suka mutu a filin Churchill Downs, inda ake yin Kentucky Derby, cikin 'yan makonni, bincike bai samu dalili guda da ya haɗa su ba.

Masu adawa kuma gida biyu ne. Akwai jihohi irin su Texas da Louisiana da ƙungiyar masu dawaki ta HBPA, waɗanda suka je kotu suna cewa majalisa ta miƙa ikon hukuma ga wata ƙungiya mai zaman kanta. Wata kotun ɗaukaka ƙara ta ba su gaskiya a Nuwamban 2022, majalisa ta gyara dokar bayan wata guda, wata kotun kuma ta ce gyaran ya wadatar, aka yi ta kai-komo har Kotun Ƙoli. Gida na biyu su ne ƙananan masu horarwa, kuma kukansu ya fi shiga raina. Mutum mai dawaki takwas, in aka dakatar da shi kafin a saurari shari'arsa saboda ɗigon metfomin, maganin ciwon suga da miliyoyin mutane ke sha, masu dawakin za su kwashe abinsu, ma'aikatansa su watse, kuma ba shi da kuɗin lauyan da Baffert ke da shi. Ko an wanke shi daga baya, barga ta riga ta mutu. Wannan kukan ya sa hukumar ta sassauta yadda take bi da abubuwan da ake iya ɗauka daga jikin mutane. Ga kuma kuɗin tafiyar da tsarin, gomman miliyoyin daloli a shekara, wanda daga aljihun masu sana'ar yake fita.

Wa abin ke shafa, kuma ina ruwanmu?

A Amurka caca ce ke riƙe da sana'ar, sama da dala biliyan 11 a shekara, kuma wanda ya zuba kuɗinsa a kan Mandaloun bai samu ko sisi ba da aka sauya sakamako, domin an riga an biya. Amma kuskure ne a ɗauka inda ba caca ba maguɗi. A Dubai da Riyad ba a caca a fili, kuma ga abin da ya faru. Kyauta da suna da farashin dokin bayan ya ci sun isa su ruɗi mutum.

Mu ma muna da sukuwa, daga Kano da Katsina da Sakkwato da Bida har Yamai da Maraɗi da Damagaram, ana cin mota da babur da kuɗi, ana kuma cin abin da ya fi su tsada a wurinmu, wato a ce dokin wane ne ya zo na ɗaya. Magungunan da aka ambata a sama kuwa, irin su "bute" da tramol, ba wuyar samu suke ba. "Bute" in ya yi yawa yana cin ciki da ƙoda, balle ga dokin da ya yi gudu a zafin Afrilu bai sha ruwa ya ƙoshi ba. Allura ɗaya da ake zagayawa da ita daga doki zuwa doki kuma hanya ce ta yaɗa cututtukan jini, abin da hukumomin Amurka suka sha ganowa a filayen bayan fage da ba sa ƙarƙashin kowace doka.

Hatta kanwar da muka gada ana ba doki tana da 'yar'uwa a littafin dokokin tsere. Akwai maguɗin da ake yi da hodar bikabonet, a dama ta a ɗura wa doki ta hanci da tiyo 'yan awanni kafin tsere don ta jinkirta gajiyar tsoka, kuma hukumomi na auna jini musamman dominta. Kanwa dangin wannan hoda ce. Wanda ya jiƙa wa dokinsa ita ranar Talata don gyaran ciki kiwo yake yi. Wanda ya ɗura masa ita da yawa da hantsin ranar tsere, a filin da ake gwaji, zai iya samun kansa gaban alƙalai.

Na taɓa kwana a wata barga ana gobe sukuwa. Akwai wani bidi da gaɓar ƙafarsa ta gaba ta ɗan tasa, in ka ɗora hannu ka ji ɗumi. Tsohon da ke kula da shi ya ce wa mai dokin, "Alhaji, a bar shi ya huta wannan karon, ƙafar nan ba ta so." Alhaji ya ce an riga an buga sunansa, baƙi sun zo daga nesa. Bayan isha'i wani saurayi ya zo a babur da kwalba biyu a leda, ba takarda, ba a tambaye shi ko shi likita ne ba. Da safe bidi ya fito yana taku kamar ba shi ba, yara na ta kirari. Ya zo na uku. Tsohon bai je filin ba, yana zaune a bakin turke da bokitin ruwan sanyi da tsumma, yana jiran a dawo masa da shi.